Yadda Ƙwayar Cuta Ke Gagarar Magani

Cikin 1928 ne Alexander Fleming ya gano maganin nan fenisilin a Landan. Cikin 1945 kuwa shi da kansa ya yi kashedi, cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi.

Ga yadda abin yake. In magani ya kasa, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa. Ran da ciwon ya komo, allura ta zama ruwa. Cikin 2019 wannan ya kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya.

Dabbobi ma haka ne. Mai zuba wa kajinsa kafso a ruwan sha kullum, ai ƙwayoyin nan yake horarwa, su kuwa ba su zaɓen kaza ko mutum. Don haka Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani domin ƙiba tun 2006.

To, yaya za a san wanda ya daina ci? Sai a auna jini ko fitsarin majinyaci, a gwada magunguna bisa ƙwayar. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin tara irin wannan sakamako daga ƙasashe.