Ina ne Ya Fi Ko'ina Zafi?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya: ina aka taɓa auna zafi mafi tsanani, a duniyarmu da wajenta?

To Malam, a hukumance kambun yana hannun Kwarin Mutuwa da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka auna digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 10 ga Yuli, 1913. Da can garin Aziziya na Libiya ne ke riƙe da shi, da digiri 58 a 1922, sai Hukumar Yanayi ta Duniya ta soke wannan awon a 2012 saboda kurakuran da ta gano. Na Amurkan ma wasu masana na tababa a kansa.

Amma duk wannan wasa ne in an leƙa sama. Zara, wadda muke yi wa kirari da matar wata, zafinta ya kai kusan digiri 465, ya isa ya narkar da darma. Duniyar Makyuri ta fi ta kusa da rana, amma Zara ta fi zafi, domin iskar kabon mai kauri ta lulluɓe ta, zafi ya shiga ba ya samun mafita. Tsakiyar rana kuwa, digiri kusan miliyan 15 ne.

Malam, da fatan ka gamsu.