Maganin Hawan Jini: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Isa da Sabon Birni

Hawan jini ciwo ne wanda ba ya yin sallama. Mutum yana nomansa, yana cin kasuwarsa, bai san yana ɗauke da shi ba, sai ran nan a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa zuciyarsa ta kasa. Ba a gane shi da ido, sai da awo. In an auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam, aka sami 140 bisa 90 ko fiye da haka, to, yana da shi.

Irin magungunan da a ke bayarwa

1. Amlodipine. Aikinsa shi ne sassauta jijiyoyin jini, hanya ta buɗe. Ƙwaya ɗaya a ke sha kullum, mai miligiram 5 ko 10. Yakan kumbura ƙafar waɗansu, amma wannan ba dalilin dainawa ba ne, sai dai a koma a gaya wa likita.

2. Hydrochlorothiazide. Wannan yana fitar da gishiri da ruwa ta hanyar fitsari, saboda haka da safe a ke shansa. Mai shansa ya riƙa shan ruwa isasshe, tun ba da bazara ba.

3. Lisinopril da losartan. Su kuwa suna tare wani sinadari na jiki mai matse jijiyoyi. Lisinopril yakan sa busasshen tari. Mace mai ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu, domin suna cutar abin da ke cikinta. Ita methyldopa ko nifedipine a kan ba ta.

Sau da yawa iri ɗaya ba ya isa, sai an gama biyu. A shekarar 2019 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka, har da Nijeriya, aka ga gamin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Abin da ya fi muhimmanci

Magungunan nan ba su kashe ciwon, danne shi su ke yi, kamar yadda madatsa ke riƙe ruwan gulbi. Ran da aka bar sha, jini sai ya fara komawa inda ya ke. Mutane da yawa sukan sha na wata ɗaya, su ji garau, su ajiye, alhali kuwa jin garau ɗin aikin maganin ne.

A ƙasar Gobir akwai wata wahala kuma. Tun wajen 2019 rashin zaman lafiya ya raba mutane da garuruwansu, har waɗansu suka ƙetara Jihar Maraɗi, ga hanyar Sakkwato ba kullum ta ke biyuwa ba. Don haka mai shan magani kada ya jira sai ƙwayar ƙarshe. Ya nemi wani tun da sauran na mako biyu a hannunsa, ya kuma riƙe takarda mai sunan maganin, yadda ko a Maraɗi ya nuna za a gane.

Aikin hakimi da malaminsa

Na farko, hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su riƙa tura manyan mutane awo a asibitin Isa ko na Sabon Birni, ko ɗakin shan magani mafi kusa. In shi kansa ya fara miƙa hannu aka auna, talakawa ba za su ƙi ba.

Na biyu, malamin hakimi ya taimaki wanda bai iya karatu ba, ya rubuta masa sunan magani, da awon da aka samu, da ranar komawa.

Na uku, a gargaɗi jama'a kada su sayi maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada kuma wani ya sha na wani. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan talla ke yawo da su, suna ƙara hawan jini.

Na huɗu, a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, musamman ga masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Na biyar, kafin azumi mai magani ya tambayi likita lokacin sha, ko da sahur ko da buɗa-baki, kada ya bari ɗungum.

Wanda bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take, kada a bari ya kwana.