TAKARDAR DIGIRI SHAIDA CE: Hukuncin Satar Jarrabawa A Jami'a

 

Duk wanda ya shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a lokacin jarrabawa, zai ga abin da zai ba shi sha'awa, ya kuma ba shi tausayi. Laburaren Kashim Ibrahim cike yake maƙil, azuzuwa ba sa rabuwa da mutane har tsakar dare, wani ya kifa kai bisa littafi barci ya sace shi, wani yana kai da komowa yana bitar abin da ya hardace. Masallaci ma a wannan lokaci yakan sami baƙin fuskoki a sahun Asuba. Mafi yawan waɗannan samari da 'yan mata da guminsu suke neman abin da suka zo nema. Amma a kowace babbar jami'a, a ƙasar nan da sauran ƙasashe, ba a rasa waɗanda shirinsu na daban ne: 'yar takarda a cikin safa, ko rubutu a tafin hannu, ko wayar salula da aka ɓoye, ko kuwa yarjejeniya da maƙwabcin kujera. Kan waɗannan darasin wannan mako zai yi magana.

Kafin a zo ga hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da jarrabawa ta zo ta gada. Birnin Zariya tun kafin zuwan Turawa ya yi suna wajen karatun nahawu da lugga, almajirai suna zuwa masa daga nesa. A zauren ilmi kuwa babu ranar jarrabawa. Almajiri yakan gurfana gaban malaminsa da littafinsa, ya karanta, malam ya fassara masa, gobe ya komo a ji ko ƙarin jiya ya zauna. Haka zai bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala, har in Allah Ya nufa ya kai Muhtasar. Shekara da shekaru malam yana jin muryarsa, ya san inda harshensa ke tuntuɓe, ya san halinsa, ya san ko mai sallah ne. Ranar da zai ba shi ijaza, watau izinin karantar da littafin, abin da idonsa ya gani kunnensa ya ji yake shaidawa. Shi ya sa magabata suka riƙe sunayen malamansu kamar yadda ake riƙe nasaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, don ya lissafta malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu, cikinsu har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru.

To, jami'a ba zaure ba ce. Ran 4 ga watan Oktoba, 1962, da aka buɗe wannan jami'a ta Zariya, ɗalibanta 426 ne kacal. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta, ta yi ta bunƙasa, har reshenta na Kano, watau Kwalejin Abdullahi Bayero, ya zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Yanzu ɗalibanta dubbai ne masu yawan gaske, tsakanin Samaru da Kongo da asibitin koyarwa na Shika. A darussan shekarar farko malami ɗaya yakan tsaya gaban ɗaruruwan mutane, na bayan aji da ƙyar suke jin muryarsa. Bai san sunayensu ba, balle halayensu. Abin da ke isa hannunsa a ƙarshen zango takarda ce mai ɗauke da lamba. Da wannan takarda zai ba da maki, makin ya je sashe, daga sashe ya je majalisar malaman jami'a, daga nan a buga takardar digiri a sa mata hannu da hatimi, a shaida wa duniya cewa wane ya cancanta, ta fuskar hali da ta fuskar ilmi.

Nan ne gizo ke saƙa. Mutanen da suka sa hannu sun shaidi abin da ba su gani da idonsu ba, sun dogara ne ga amanar wanda ya zauna ya rubuta. Watau nauyin da a da yake wuyan malamin zaure, girman jami'a ya sauke rabinsa ya ɗora wa ɗalibi. Idan ɗalibin ya kwafi amsar wani, ƙarya ya yi, sa'an nan ya sa malaminsa da shugabannin jami'arsa sun yi shaidar zur ba da saninsu ba, kuma alhakin yana kansa. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana lissafa mafiya girman zunubai yana kishingiɗe, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. A ƙarshen Suratul Furƙani kuma, Allah Ya sanya ƙauracewa shaidar ƙarya cikin siffofin bayinsa na ƙwarai.

Akwai kuma hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya sani, wanda Muslimu ya ruwaito daga Abu Huraira. Annabi ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya tura hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka taɓa danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Takardar jarrabawa tsibin hatsi ce. Mai sata ya shimfiɗa busasshe a sama, jahilcinsa yana ƙasa, mai saye kuwa shi ne duk wanda wata rana zai dogara ga wannan digiri.

Ɗalibai suna da uzurorinsu, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da su ba a saurara ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wanda aka yi a 2020. Duk lokacin da aka komo daga irin wannan dogon zama, sai a matse zango, karatun wata huɗu a cusa shi cikin 'yan makonni. Ga cunkoson ɗakin kwana, ga ɗauke wuta, ga ɗan talaka da ke shiga aji cikinsa ba komai, yana kuma sane da cewa faɗuwa darasi ɗaya tana iya jawo masa ƙarin shekara da mahaifinsa ba shi da kuɗinta. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma waɗanda Allah Ya ɗora wa jagorancin ilmi za a tambaye su a kai. Amma lalurar da Shari'a ta yarda ta halatta abin da aka hana ita ce wadda rai ko gaɓa ke cikin haɗari, kuma babu wata mafita. Maimaita darasi ɗaci gare shi, amma ba halaka ba ne.

Uzuri na biyu ya fi wannan haɗari, domin rigar addini yake sawa. Wasu sukan ce ai wannan karatun boko ne, haramcin ha'inci yana kan Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu. Wannan magana ba ta da tushe. Hatsin da Annabi ya tura hannu cikinsa kayan kasuwa ne, ba littafin addini ba. Bugu da ƙari, malamai irin su Imamu Gazali sun sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai iya su duka ta yi laifi. Wanda ya saci jarrabawar ilmin magunguna zai tsaya kan mai naƙuda. Wanda ya saci ta injiniya zai auna ƙarfen gada. Wanda ya saci ta aikin lauya ko ta Shari'a zai zauna kujerar alƙali ya raba gadon marayu. Likitan dabbobi ma, Bafillatanin da ya kawo masa garkensa dukiyarsa kaf ya kawo.

Na uku shi ne zumunci. Ɗalibi mai ƙoƙari, wanda shi kansa ba ya sata, sai ya karkata takardarsa don abokinsa ya gani, yana jin taimako ya yi. Aya ta biyu ta Suratul Ma'ida ta raba taimako gida biyu, ta yi umurni da wanda ke kan alheri da taƙawa, ta hana wanda ke kan zunubi da ƙetare iyaka. Lokacin taimakon aboki shi ne makonnin da suka gabata, a zauna da shi a warware masa abin da ya shige masa duhu. Ɗaliban da ke shirya wa ƙannensu darussan bita kyauta, ko a ƙarƙashin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ko a sassansu, su ne suka gane wannan aya.

Ha'incin kuwa bai tsaya ga zauren jarrabawa ba. Sa wa aboki hannu a takardar halartar lacca alhali yana kwance a ɗaki shaidar zur ce, ko da ta yi ƙanƙanta a ido. Haka sayen kundin bincike na shekarar ƙarshe, ko kwafo aikin wani daga intanet a canja suna, ko a sa manhajar kwamfuta ta rubuta aiki sukutum a miƙa shi da sunan kai. Neman bayani a waɗannan kafofi ba laifi ba ne inda malami ya yarda, laifin yana ga jingina wa kai abin da ba a yi ba. Malamin da ya sayar da maki, ko ya nemi lalata da ɗaliba kafin ya ba ta haƙƙinta, ko ya ba da sakamako bai duba takarda ba, laifinsa ya fi na ɗalibi muni, gama shi ya san abin da yake shaidawa. Hukuma ma ba ta yi shiru ba: dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, kafin wata doka ta 1999 ta zo da tara da ɗauri daidai da girman laifi, jami'o'i kuma suna dakatarwa ko su yi kora. Sai dai mai gadin jarrabawa ido biyu gare shi, zauren kuwa faɗi gare shi.

An ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in na Madina suka shaida ya cancanta. Duk da haka, an taɓa yi masa tambayoyi 48, a 32 daga ciki ya amsa cewa bai sani ba. Ɗalibin da ya bar gurbin amsa fayau don bai sani ba, ya fita da ƙaramin maki, a kan sunnar malamin mazhabarsa yake, ko da sunansa bai fito cikin masu daraja ta ɗaya ba.

Saura tambayar da takan damu waɗanda suka riga suka gama: mutum ya yi sata a wasu darussa, ya karɓi digiri, ya kama aiki, yanzu ya yi nadama, mene ne matsayin albashinsa? Malaman zamani sun yi saɓani. Wasu sun tsananta, suka ce abin da aka gina kan ɓarna ɓatacce ne, musamman idan satar a jarrabawar ƙarshe aka yi ta, wadda a kanta takardar ta tsaya. Wasu kuma suka ce idan ya tuba tuba na gaskiya, kuma yana iya aikin yana yin sa yadda ya kamata, albashinsa ladan aikin da yake yi ne, ba sai ya tona wa kansa asiri ba. Amma ko masu sauƙaƙawar sun gindaya sharaɗin iya aiki. Saboda haka wanda ya san akwai wani fanni na sana'arsa da ya tsallake da sata, wajibi ne ya koma ya koye shi wurin waɗanda suka sani, kuma kafin ya koya, idan aikin ya zo gabansa ya miƙa shi ga wani. Wanda kuwa takardarsa ta jabu ce ɗungum, ko wani ne ya zauna masa jarrabawa, kuma rayukan mutane ko haƙƙoƙinsu suna hannunsa, wannan ya je ga malami masani ya faɗa masa halin da yake ciki filla-filla, domin hukuncinsa ya bambanta da na wanda ya leƙa takardar maƙwabci sau ɗaya a shekarar farko.