Kafin Ka Kwafi Farfajiyar Baya Irin ta Sikandinebiya

Da wuya yanzu mai neman zanen gida ya shigo ofishina ba tare da hoto a wayarsa ba. Cikin hotunan da suka fi yawa akwai na ɓangaren baya na gidajen Suwidin, Nowe da Denmak: bango na baƙin katako, ƙofar gilashi daga ƙasa har sama, dandamalin katako da kujeru biyu, sai ciyawa kore shar. Suna da kyau, babu musu. Amma kowane abu a hoton nan akwai dalilin da ya sa aka yi shi, kuma ina so mai gida ya san dalilin kafin ya zuba kuɗinsa.

Mutanen can rana suke nema ido rufe. A birnin Sitokholm, wajen ƙarshen watan Disamba, hasken yini kamar awa 6 ne kawai, kuma ko da tsakar yini rana ba ta ɗagowa sai kamar digiri 7 daga ƙasa. Shi ya sa suke juya faffaɗan gilashi kudu, domin ɗan hasken ya ratsa har cikin falo ya ɗumama shi. Baƙin bango ma zafi yake zuƙa, abin da suke so ke nan. Mu kuwa a Kano zafin Afrilu yakan haura digiri 40. An taɓa kirana gyaran wani gida da aka sa wa irin wannan ƙofa tana kallon yamma. Daga la'asar falon ba ya zaunuwa. An rufe gilashin da labule mai kauri, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuɗin mai na janareta sai ƙaruwa yake yi.

Katakon ma na ƙasarsu ne. Dazuzzuka gare su, gara ba ta rayuwa a sanyinsu, kuma sun daɗe da sanin yadda ake adana shi. A Nowe da kwaltar itace suke shafe shi, har cocin katako na Borgund da aka gina wajen shekarar 1200 yana nan tsaye. Jan fentin nan na gidajen Suwidin daga dusar ma'adinin tagulla na Falun ake haɗa shi, da garin hatsi da man tsirrai, yana barin katako ya sha iska. A nan, katakon da ka shimfiɗa a ƙasa hunturu zai tsattsaga shi, damina ta kumbura shi, gara ta ƙarasa saura.

Abin da ya cancanci a ɗauko daga wurinsu shi ne darajar da suke ba wa farfajiyar gida. Jørn Utzon, ɗan Denmak da ya zana gidan wasan Sidni, ya fara gina rukunin gidajen Kingo a garin Helsingør a 1956. Kowane gida fili ne mai mita 15 a kowane gefe. Ɗakuna sun kama gefe biyu, katanga ta kama sauran biyun, tsakiya kuma a buɗe, ɗakunan duk suna kallonta. Da tubali ruwan ɗorawa aka gina su, babu wani ado na ƙarya. Duk Bahaushen da ya ga zanen zai gane tsakar gida ce, wurin da iyali ke zama cikin sirri, yara na wasa a gaban idon uwarsu. Abin da ke damuna shi ne mu da muka gaji wannan tsari mun yar da shi. A sababbin gidajenmu duk kuɗi gaba yake tafiya, wajen ƙyaure da ginshiƙai, baya kuma ya zama matattarar tankin ruwa, janareta, sokawe, igiyar shanya da ragowar bulo, alhali a nan uwargida take yini.

Idan ana zana gida, nakan fara da keɓe wa waɗannan kaya lungu guda a bayan gajeren bango mai ramukan iska, janareta nesa da tagar ɗakin kwana. Sai baranda mai zurfin mita 2 zuwa 3, rufinta ya sauko sosai, da silin domin kwano kada ya gasa mai zama. Babbar taga ko ƙofar gilashi a juya ta arewa ko kudu a ƙarƙashin wannan inuwa, gefen yamma kuwa a bar shi bango ko a dasa masa bishiya. Launi biyu sun isa: fari ko ruwan ƙasa mai haske, sai baƙi kaɗan a jikin firam. Daɓe kuma jan bulo ko dutse ya fi tayil mai santsi, a karkata shi ruwa ya bi magudana ya fita. Kada a malale filin duka da siminti, domin zafin da ya sha da rana shi yake amayarwa da dare. Mai sha'awar katako ya sa shi a sama, cikin inuwa, a kujera ko silin baranda, bayan an yi masa maganin gara. Ciyawa tana shan ruwan da yawancinmu ba mu da shi a rani. Lemun tsami, gwaiba da zogale sun fi ta amfani.

Don Allah, ranar da za ka zauna da mai zanen gidanka, ka zo da uwargida, ku fara tattauna farfajiyar baya tun kafin a haƙa tushe.