Kula da fata bayan an fitar da hanji ta ciki

Ga wanda likita ya buɗe wa ƙofar bayan gida a jikin ciki, abin da ya fi wahalarwa a farko shi ne fatar da ke kewaye da bakin hanjin. Shi kansa hanjin ja ne, mai danshi, ba ya jin zafi, kuma ɗan jini lokacin wanki ba abin tsoro ba ne. Amma in ya yi baƙi ko ya koɗe, a garzaya asibiti.

A makonni 6 zuwa 8 na farko kumburi yana sacewa, saboda haka a riƙa auna bakin kafin a yanka ramin jakar da ake liƙawa a wurin don tara kashi. Ramin da ya yi faɗi yana barin kashi ya taɓa fata, ta yi ja ta saɓule. A wanke da ruwan ɗumi kawai, a bar wurin ya bushe sarai. Man shafawa da sabulu mai maiƙo suna hana gam kamawa, ga zufar bazara kuma tana nata aikin. A zubar da abin da ke cikin jaka da zarar ta cika kashi ɗaya cikin uku.

Batun alwala da sallah kuwa, a tambayi malami. Shari'a tana da sauƙi ga mai lalura.