Raƙumar Dawa a Kan Farantan Faransa

A wannan ɗan nazari ina so mu dubi wani zane da ya cika farantan tangaran na Faransa a shekarar 1827, domin yana da alaƙa da darasinmu na yadda harshe ke laƙaba wa baƙon abu suna.

Irin wannan tangaran Faransawa na kiransa "fayans", daga sunan garin Fayenza na Italiya. Yumɓu ne ake gasawa, a shafe shi da ruwan gilashi mai haɗe da kuza don ya yi fari, sannan a yi zane a kai. Furanni da zakaru aka saba gani. To, me ya kawo raƙumin dawa?

Muhammadu Ali Fasha, mai mulkin Masar, shi ya aika wa Sarki Sharl na 10 kyautar wata 'yar raƙumar dawa da aka kamo a Sudan. Ta sauka a Marsey a watan Oktoba na 1826, ta yi hunturu a can. A 1827 aka kora ta a ƙasa har Faris, tafiyar kwana 41, da shanun da ake tatso mata madara. Jama'a suka yi ta tururuwar kallo, masu gasa tangaran kuwa suka ga kasuwa, musamman a garuruwa irin su Neber.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawancin masu zanen nan ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Hotunan bugu suke kwafa, sauran kuma su cike da abin da suka sani. Shi ya sa a wani farantin za ka ga jikin doki da dogon wuya, a wani kuma kamar barewa, ga itacen dabino a gefe wai don a nuna Afirka. A ganina wannan ba kasawa ba ce. Haka Bahaushe ya yi da ya ce "raƙumin dawa", haka Girkawa da Rumawa suka haɗa raƙumi da damisa suka yi mata suna. Faransawa su ma aro suka yi: "jiraf" ta samo asali ne daga "zarafa" ta Larabci, ta hanyar Italiyanci.

Yayin bai daɗe ba ya wuce. Ita kuwa ta rayu a gidan namun daji na Faris har 1845, kuma fatarta da aka cusa tana ajiye a gidan tarihin garin La Roshel.