Yadda Ake Zaɓen Fedal ɗin Jita Mai Sauƙin Kuɗi

Duk yaron da hannunsa ya fara faɗawa a jita a Gauraka, ko a coci yake kaɗawa ko a wurin biki, wata rana sai ya zo da tambayar nan: wane fedal zan saya? Amsar da ake ba shi kusan kullum ɗaya ce. A ce ya nemi wanda ya fi yawan sautuka, ko a tura masa bidiyon wani a YouTube yana gwada na'ura a ɗakin situdiyo, da sifiku masu tsada, da wutar da ba ta ko ƙiftawa. Wannan shawara ta cinye kuɗin mutane da yawa, kuma na gaji da jin ta. Wutarmu daban, sifikunmu daban, kiɗan da muke yi ma daban. Wanda zai saya a nan, da waɗannan abubuwa uku zai auna, ba da yawan sautukan da aka rubuta a jikin kwali ba.

Abin da nake magana a kai shi ne akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa, wanda ya haɗa eko da koros da kwamfiresa da sauransu wuri ɗaya, kuma yana kwaikwayon muryar manyan amfilifayoyin jita. Tun da kamfanin Line 6 ya fito da jan POD ɗinsa a 1998 wannan fasaha take ƙara kyau tana ƙara araha, har ta kai yau ƙaramin fedal yana yin abin da a da sai an ɗauko kaya a mota.

Mataki na farko, ka san inda za ka jona shi. Mafi yawanmu daga Gauraka zuwa Madalla da Suleja ba mu da amfilifayar jita. Waya ake ja daga jita zuwa miksa, daga miksa zuwa manyan sifikun taro, tare da makirufo da kibod. Idan haka kake, kwaikwayon amfilifaya da na akwatin sifikarta shi ne abin da kake biya wa kuɗi, sauran duk ƙari ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, kuɗi. Farashin kayan nan dala yake bi, don haka duk adadin nairar da na faɗa yau, kafin wata ya ƙare ya zama tsohon labari. A ƙasashen waje ƙananan suna farawa daga wajen dala 100, matsakaita kamar ninki biyu, irin su POD Go kuma sun yi nisa da aljihun mai farawa. Abin da nake so ka yi shi ne kada ka zuba duk abin da ka tara a kan fedal. Ware wani abu domin adafta ta gaske, da wayoyin jak biyu masu kyau, da jaka.

Na uku, wuta. A nan ne ake asara, saboda haka zan daɗe a kai.

Yawancin ƙananan fedal suna cin bolt 9 na DC, kuma kan adaftarsu yana da tsari na musamman: alamar debewa ce a tsakiya. Juya fedal ɗin ka duba kusa da ramin wuta, za ka ga ɗan zane, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, layin da ya fito daga ɗigon yana nuna alamar debewa. Adaftar dikoda da ta rauta da yawancin waɗanda ke yawo a gidajenmu akasin haka suke, alamar tarawa ce a tsakiyarsu, wasu ma bolt 12 ne. Bakinsu yana shiga ramin daidai, shi ya sa ake ruɗuwa. Na ga fedal sabo fil, bai yi mako biyu ba, an manta adaftarsa a gida ranar biki, wani ya ciro ta dikoda ya ce ai duk ɗaya ne. Allon ya yi haske sau ɗaya, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Mai gyaran rediyo ya buɗe ya rufe, ya ce abin da ya ƙone ba a samunsa a nan.

Akwai kuma lambar da aka rubuta mA a bayanta. Wadda ke jikin adafta ta kai wadda fedal ke nema ko ta fi ta. Idan ta fi, babu komai, fedal abin da yake buƙata kawai zai ja. Idan ta gaza, sai ka ga yana mutuwa yana kunna kansa a tsakiyar waƙa.

Masu sayen na hannu, ga tarko biyu. Wasu tsofaffin na'urori, irin su POD na farko-farko da da yawa daga cikin Digitech RP, bolt 9 na AC suke ci, ba DC ba. Idan mai sayarwa ba shi da adaftar asali, samun madadinta a kasuwanninmu wahala ne, ni dai ba na saya. Na biyu, kayan da suka fito daga Amurka sukan zo da adafta ta bolt 120, mu kuwa wutarmu 230 ce. Karanta jikin adaftar kafin ka kai ta soket. Idan ka ga 100 zuwa 240 an rubuta, ka tsira.

Sai maganar janareta. Kusan duk taron da za ka yi kiɗa, a kan janareta za a yi shi, ko a fara da wutar gari a ƙarasa da shi. Lokacin da ake sauyawa, da lokacin da mai ya kusa ƙarewa injin yana tari, nan ne wuta ke hawa da sauka. Cire adaftarka kafin a tayar da inji, kada ka mayar sai ya daidaita. Wannan ne dalilin da ya sa nake fifita fedal mai cin batir a kan wanda ya fi shi daɗin murya amma ba ya ci. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, kai ko a jikinka. Batir kuma ba ya kawo gurnanin nan da adafta mai araha ke cusawa cikin sifika.

Na huɗu, waɗanda za ka duba. Zoom G1 Four da ɗan'uwansa G1X Four, wanda ke da abin takawa na ƙara murya da ragewa, sun fito a 2019. Suna cin batir AA guda 4, kuma ana iya kunna su da fawa banki ta ramin USB, abin da ya sa nake son su ke nan. Suna ɗaukar sauti 5 a lokaci ɗaya, amma ka sani amfilifaya da akwatin sifika sun cinye gurbi biyu, saura uku. Jikinsu roba ne, ba sa son mai nauyin ƙafa. Boss GT-1, na 2016, shi ma batir 4 yake ci, ya fi tsada, kuma idan ka tashi sayarwa ba ya kwana a hannu. Mooer GE100 yana cin batir, yana da araha, ya isa mai koyo a ɗaki, amma a taro muryarsa ba ta cika min kunne. NUX MG-300 da Valeton GP-100 sun fi waɗannan ƙananan iya kwaikwayon amfilifaya a ganina, kuma suna karɓar fayil ɗin IR, wato hoton muryar akwatin sifika na gaske da ake saukewa daga intanet a zuba musu. Sai dai ba sa cin batir, dole adafta.

Idan kana so ka riƙa ɗaukar kiɗanka kai tsaye a kwamfuta, ka lura: GT-1 da MG-300 da GP-100 suna tura sauti ta USB, G1 Four kuwa ba ya yi, ramin nasa na wuta ne da gyaran saiti kawai.

Na biyar, gwaji. Je da jitarka da wayarka, kada ka yarda da ta shago. Kada kuma ka yanke hukunci da abin sawa a kunne, domin a cikinsa kowane fedal sarki ne. Ka ce a jona maka a miksa da babbar sifika irin ta taro. Mai kayan kiɗa a Suleja ko Abuja ba zai rasa su a shago ba. Idan ya ƙi, ka yi gaba.

Tsallake sautukan da kamfani ya shirya. An yi su ne domin masu kiɗan rok, cike da ƙara da amsa-kuwwa, don su burge mai saye a minti ɗaya. Mu kuwa kashi mafi yawa na abin da muke kaɗawa, ko waƙoƙin coci ne, ko hailaif, ko makosa, ko salon jitar Agadas irin na Bombino, murya mai tsabta yake so, wadda kowace tsirkiya ke fita sarai. Nemi gurbin da babu komai, ka gina naka. Sa kwamfiresa kaɗan. Zaɓi amfilifaya mai tsabta, wadda aka kwaikwayo daga Fender Twin ko Roland JC-120. Sunayen sukan zo a gutsure, irin su TWIN ko JC, amma za ka gane. Sa akwatin sifika. Sa koros ɗan kaɗan, sai eko. Yanzu kaɗa a hankali, sannan ka kaɗa da ƙarfi. Fedal mai kyau yana bin hannunka, ya yi laushi in ka sassauta, ya buɗe in ka matsa. Marar kyau murya ɗaya yake ba ka ko yaya ka taɓa. Hau can ƙarshen wuyan jita inda masu makosa ke wasa, ka saki tsirkiya ɗaya ka bar ta ta mutu da kanta, ka saurari wutsiyar sautin. Idan tana yankewa farat ɗaya, ko tana ƙarewa da ɗan tsaki, ka duba ko mai tsare hayaniya ne aka matse da yawa. Zoom suna rubuta shi ZNR, Boss kuma NS. In ka sassauta shi abin bai gyaru ba, halin na'urar ne.

Yanzu maganar akwatin sifika da na ce mu riƙe. Sifikar amfilifayar jita ba ta fitar da sauti mai tsini sosai, tana yanke shi daga wajen 5 kHz zuwa sama, kuma wannan yankewar ce ke sa jita ta yi daɗi. Sifikar taro kuwa tana da ƙaramin ƙaho a sama wanda aikinsa ke nan, fitar da tsini. Idan ka tura jita cikinta ba tare da kwaikwayon akwati ba, musamman in ka ɗan sa mata ƙara, abin da zai fito kamar ana suyar ƙosai ne a cikin sifika. Mutane da yawa sun sayar da fedal mai kyau a kan rabin kuɗinsa saboda wannan, suna cewa ba shi da murya, alhali maɓalli ɗaya ne ba a kunna ba. A Zoom, shiga cikin akwatin da ka zaɓa ka nemi inda aka rubuta MIC, ka kunna shi idan miksa za ka shiga. A GT-1 nemi OUTPUT SELECT ka sa shi a LINE/PHONES. A sauran, CAB ko IR za ka gani. Ranar da ka sami amfilifayar jita ta gaske kuma, sai ka juya: kashe akwatin, in ba haka ba an yanke tsinin sau biyu, muryar ta dushe.

Kafin ka bar shagon, taka daga wannan saiti zuwa wancan kana cikin kaɗawa, ka ji ko sauti yana ɗaukewa a tsakani. Ɗan ɗaukewa kaɗan kusan duk masu araha suna da shi. Wanda har mai rawa zai lura, bar shi.

Na shida, idan na hannu ne. Taka kowane maɓalli sau da yawa. Murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe kana kallon lambar allo, kada ta yi tsalle. Girgiza kan jak a cikin raminsa ka ji ko yana ƙarar-ƙarar. Buɗe gidan batir ka duba tsatsa ko farin gari. Bar shi a kunne kamar minti 20, domin wasu sai sun yi zafi ciwonsu ke fitowa. Wanda kuma ya ce ka tura kuɗi tukuna ya sa maka a mota daga Legas, alhali ba ka san shi ba, ba ka san wanda ya san shi ba, kada ka tura. Na gwammace ka biya kuɗin mota zuwa Abuja ka gani da idonka.

Na bakwai, bayan ya zama naka. Shirya saiti uku kawai, na rakiya, na solo, da mai ɗan ƙara, ka daidaita ƙarfinsu a sifikar da za ka yi aiki da ita, don kada mai miksa ya riƙa tsalle duk lokacin da ka taka. A miksa, ramin LINE za ka shiga. Idan tsakaninka da miksa ya wuce kamar mita 6, nemi ɗan akwatin DI, yana kashe gurnani sosai. Rage eko fiye da yadda kake so, domin cocinmu da zaurukan bikinmu siminti ne da kwano, suna da nasu amsa-kuwwar. Da hunturu, ƙurar hanyar Kaduna ba ta barin komai, saboda haka kana gamawa ka goge shi ka mayar jaka. Cire batir in zai kwana biyu ba a taɓa shi ba. Ka rubuta sunanka a jikin adaftarka, kada ka ara wa kowa, kada kuma ka ari ta kowa.

In ka tambaye ni wanne, ga amsata. Mai farawa da ke yawon taro a kan janareta, ya ɗauki G1X Four da fawa banki. Wanda kuɗinsa ya ɗan fi haka kuma yana son abin da zai daɗe, GT-1. Wanda yawancin aikinsa a situdiyo ne ko cocin da ke da sola, MG-300 ko GP-100 za su fi yi masa daɗi a kunne. Ko wanne ne dai, kada ka miƙa kuɗi sai ka ji shi da jitarka a babbar sifika, kuma ka karanta abin da ke jikin adaftarsa.